Zaman Unguwa da Alƙalami

Ina gaida ɗaliban azuzuwan manya ko'ina suke cikin ƙasarmu Nijar, da malamansu, da waɗanda za su karanta wannan jawabi a takarda su karanta wa wasu. Yau gaisuwa ta musamman ga mutanen Dogarawa da kewaye: mutanen Galmi masu albasa, mutanen Malbaza masu siminti, mutanen Tsarnawa da Gidan Idar da Birnin Ƙonni, har zuwa Illela. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka.

Makonnin da suka wuce mun yi magana kan baƙaƙe da wasula. Yau za mu fita daga aji, mu shiga unguwa. Maganarmu a kan taro take, irin taron da kowannenku ke zama cikinsa kullum: majalisar dattawa, fadar samari, asusun mata, suna, ɗaurin aure, zaman makoki, da taron ƙofar mai unguwa. Tambayar da za mu bi ita ce: me ya haɗa waɗannan wurare da alƙalami?

Inda muke haɗuwa

Ku ɗauki unguwa ɗaya ta Dogarawa, ku bi ta daga asuba zuwa dare. Bayan salla, maza na tsayawa ƙofar masallaci su gaisa, a nan ake jin wa ya kwana da ciwo, wa aka yi wa haihuwa. Da hantsi mata na haɗuwa wurin ɗiban ruwa da wurin injin niƙa. Rana ta take, dattawa su shimfiɗa tabarma gindin bedi. La'asar sakaliya, samari su hura gawayi su ɗora shayi. Bayan isha a yi hira ƙofar gida har barci ya raba. Ranar kasuwa kuwa, garin duka taro ne, ga motoci na tsayawa bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Ƙonni da Madawa ta wuce Maraɗi da Damagaram.

Waɗannan wurare su ne ke riƙe da gari. A nan ake sasanta mata da miji kafin magana ta kai ga alƙali. A nan ake haɗa kuɗin kai majiyyaci asibiti. A nan ake sa ranar gayya, a taya wanda ba shi da ƙarfi noma, ko a taya shi yaɓen ɗaki kafin ruwa ya sauka. Iyayenmu sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba su faɗi banza ba.

Ƙasarmu ta daɗe da sanin amfanin taro wajen ilimi. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari ke zama wuri ɗaya su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a mayar Yamai. A 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. Cikin waɗannan shekaru na 1960, nan kusa da ku a Madawa, aka riƙa buga wata ƴar jarida da Hausa mai suna Sabon Ra'ayi, domin waɗanda suka koyi karatu da girmansu su sami abin karantawa. Bayan 1974, zamanin Seyni Kountché, aka raya samariya, aka gina mata gidaje, samari suka yi aikin gayya a garuruwa da ƙauyuka. Samariya irin ta gwamnati ta wuce da zamaninta. A shekarun 1990 fada ta bazu cikin birane, daga nan ta shiga ƙauyuka. Suna na sakewa, amma zama tare bai taɓa barin mu ba.

To, ku lura da abu ɗaya. Kusan duk taron da na ambata, akwai kuɗi a cikinsa, ko alkawari, ko rana da aka sa. Wane ya kawo kaza. Wance ta ranci kaza. Ran kaza za a biya. Duk waɗannan da ka muke riƙe su. Kai kuwa, jama'a, kun san halinsa: yana ɗauka, yana zubarwa.

Biki

Bari mu fara da ku, iyayenmu mata. Kun fi kowa sanin dokar biki. Ranar sunan ɗanki, abokiyar bikinki ta kawo miki gudunmawa. Ranar da nata ya zo, sai ki mayar mata, kuma ba a mayarwa daidai, sai an ɗora, sau da yawa ma a ninka. Wannan al'ada ce mai kyau, domin ita ke sa talaka ta yi hidimar da ba za ta iya ita kaɗai ba. Amma ki duba nauyin da ke kanki. Mata talatin ko arba'in sun kawo, wata kuɗi, wata sabulu, wata turmin zane, wata tiyar gero. Wata bikinta zai zo bayan wata uku, wata sai bayan shekara huɗu. Yaya za ki riƙe wannan duka?

Kun san abin da ke biyo baya. Wata ta ce jika biyu ta kai, aka mayar mata da jika ɗaya da rabi. Waccan ta rantse jika ɗaya aka kawo mata, har ta ɗora rabi. Babu maƙaryaciya a cikinsu, mantuwa ce. Amma daga ranar an daina gaisawa. Ƴaƴansu su tashi su gaji gabar da ba su san mafarinta ba. Zumuncin shekara ashirin ya mutu a kan dala ɗari. Da an sami ƴar takarda ta dala hamsin da wadda ta iya rubuta suna da lamba, da maganar ba ta kai ko'ina ba.

Wasu za su ce ai muna sa yara ƴan makaranta su rubuta mana. Madalla, ya fi babu. Amma ki tambayi kanki: bayan shekara biyu, yarinyar ta yi aure ta tafi Abalak ko Sakkwato, wa zai karanta miki? Kuma kina so duk unguwa ta san wadda ta kawo miki kaɗan da wadda ta kawo da yawa? Sirrin bikinki naki ne. Ranar da kika iya karanta littafinki da kanki, ranar kika rufa wa kanki asiri, kika rufa wa ƙawayenki.

Asusu

Na biyu, asusu, wanda wasu ke kira adashi. A 1991, cikin jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da ƙungiyoyin mata da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Tsarin kun san shi, domin ya zo har garuruwanku: mata su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka, a ajiye cikin akwati mai makulli, mai bukata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Wannan dubara da ta tashi daga ƙasarmu, ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya sun kwaikwaye ta. Abin alfahari ne ga matan Nijar.

Matan farko da ka suka riƙe lissafinsu, kowace tana shaidar ƴar'uwarta, kuma ya yi musu aiki. Amma asusu yana girma. Mu yi lissafi tare. Mata ashirin, kowace tana zuba dala ɗari a mako. Nawa ke nan? Jika goma. A mako goma, jika ɗari. A mako arba'in, jika ɗari huɗu. Cikin wannan, biyar sun ranta don sarin albasa, uku don sayen akuya, biyu don magani. Wata ta biya rabi, wata ta tsallake mako biyu saboda ta tafi wankan gida. Wane kai ne zai ɗauki wannan ba tare da ya zubar da wani abu ba?

Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke naɗa magatakarda. To, a nan akwai abin da nake so ku saurara da kyau. In mutum ɗaya tak ya iya karatu cikin ƙungiya, littafin nan nasa ne shi kaɗai, ku kuwa kallo ne naku. In ya yi kuskure, babu mai gani. In zuciya ta rinjaye shi, babu mai gani. In kuma mai gaskiya ne aka zarge shi, ba shi da mai wanke shi. Kun ga ke nan rashin karatunku cuta ne gare ku, cuta ne gare shi. Akwatin asusu ba a ba mutum ɗaya makullansa duka, ana rarraba su. Littafi ma haka yake. Kowace ƙungiya ta yi ƙoƙari ta sami aƙalla mutum uku da suka iya duba shafi su ce: i, haka ne, ko a'a, a sake dubawa.

Dala da tamma

Akwai wani tarko da ke kama har waɗanda suka fara karatu, ina so mu tsaya a kansa. Mu a bakinmu da dala muke lissafi, amma abin da ke rubuce jikin kuɗi tamma ce, wato faran na sefa. Dala ɗaya tamma biyar ce. Ƙwandalar da muke kira dala ashirin, in ka duba jikinta za ka ga 100. Abin da muke kira dala ɗari, 500 ke rubuce. Jika guda, wato dala ɗari biyu, ita ce 1000. Jika biyar 5000, jika goma 10000.

Saboda haka in ka ji lamba da dala kana so ka rubuta ta yadda take a takardar hukuma, sai ka ninka ta sau biyar. In ka ga lamba a takardar magani, ko rasit, ko saƙon da ya shigo salula, kana so ka faɗe ta da Hausa, sai ka raba ta gida biyar. An rubuta maka 750, ka raba biyar, dala ɗari da hamsin ke nan. An ce maka dala saba'in, ka ninka biyar, ka rubuta 350.

Me ya sa na nace a kan wannan? Domin in magatakarda ya rubuta 100 a littafi, wani zai karanta shi dala ɗari, wani zai karanta dala ashirin. Tsakaninsu akwai dala tamanin, kuma dala tamanin ta isa ta tada rigima. Ku da kuke kusa da iyaka, kuna cinikayya da Naira, ga lissafi na uku ya shigo. Don haka tun ran gini ran zane: a shafin farko na littafinku ku rubuta da manyan baƙaƙe, wannan littafi da tamma ake lissafinsa, ko kuwa da dala. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kansa.

Fada

Yanzu ku samari ƴan fada. Na san dattawa na yi muku faɗa, suna cewa ba ku da aiki sai shayi da karta. Ni ban ce haka ba. Na san fada ce ke kwana tana gadin unguwa. Na san ku ke haƙa kabari, ku ke kafa rumfa ranar ɗaurin aure, ku ke yashe magudanar ruwa. Na san kuma da yawanku, da an gama girbi, sai tafiya biɗa: Abijan, Legas, Kano, Agadas, Libiya. Jihar Tawa an san ta da wannan tun zamanin kakanni. In ɗayanku ya tafi, ƴan fadarsa ne ke leƙa mahaifiyarsa.

To, a kowace fada akwai wanda ya yi makaranta, ko da aji shida ya tsaya. Akwai kuma wanda bai taɓa shiga aji ba. Shayi zagaye uku ne: na fari mai ɗaci, na biyu, da na uku mai zaƙi. Kowa ya san ba a gama shi da gaggawa. Tsakanin na fari da na biyu akwai lokacin da ya isa a koyi baƙi biyu. Ƙasa na gabanku, tsinke na hannunku, ba sai an sayi allo ba. In kuka riƙe wannan rani guda, wallahi kafin shuka babu wanda zai rage bai iya rubuta sunansa da sunan garinsu ba.

Za ku ce mini ai yanzu zamanin salula ne, muna aika murya ta WhatsApp, ba mu bukatar rubutu. Murya na da amfani, ban musa ba. Amma in ɗan'uwanka ya aiko kuɗi daga Abijan, lambar karɓa a rubuce take zuwa, adadin kuɗin a rubuce yake. Wanda bai iya karatu ba sai ya miƙa wa wani wayarsa, ya miƙa sirrinsa tare da ita. In ka isa tasha a ƙasar da ba a jin harshenka, allon mota ba ya magana. In mai aiki ya ba ka takarda ya ce sa hannu, murya ba za ta gaya maka abin da ke ciki ba.

Ƙofar mai unguwa

Akwai taron da ya fi waɗannan duka nauyi, shi ne wanda ake yi ƙofar mai unguwa ko fadar sarki. Mai shela ya zagaya, jama'a ta taru. Wata rana maganar haraji ce, wata rana rigakafi, wata rana rabon iri ko taki, wata rana kuɗin gyaran famfo, wata rana iyakar gona ko hanyar dabbobi. Baƙo ya zo da takarda ya karanta da Faransanci, wani ya fassara, a ce an yarda? A ce an yarda. A kawo tawada a dangwala yatsa, kowa ya watse.

Bayan wata shida a dawo ana musu. Wannan ya ce cewa aka yi kowane gida dala hamsin a wata. Wancan ya ce a'a, kowane magidanci aka ce. Wa aka ba ajiyar kuɗin? Wa aka ce zai sayo kayan gyara daga Ƙonni? Kowa da abin da kunnensa ya ji. Famfo kuwa yana nan a lalace, mata sun koma tafiya nesa da jarka. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ni kuma na ƙara muku: in ta fita ba a kama ta a takarda ba, iska ke tafiya da ita.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kafin a tashi daga taro, mutum ɗaya ya rubuta abu huɗu da Hausa: ranar da aka zauna, abin da aka yanke, wanda aka ɗora wa aikin, da ranar da za a sake zama. Sa'an nan wani dabam, ba wanda ya rubuta ba, ya tashi ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. In akwai gyara a yi shi nan take. Mintoci biyar ne, amma suna kashe rigimar wata biyar.

Haka ku manoman albasa na Galmi da kewaye. Sunan albasarku ya kai Abijan da Akara da Kwatano. Kun sha wahalar reno, kun sha ta ban ruwa, kun adana cikin rudu kuna jiran farashi. Ranar da babbar mota ta tsaya aka loda buhu, sau nawa ake cewa sai an dawo za a biya? Buhu nawa aka ɗauka, a kan nawa, ran yaushe, gaban wa? Wanda ya rubuta waɗannan ya sa mai saye ya sa hannu, barcinsa dabam yake da na wanda ya riƙe da ka.

Kada kuma mu manta da suna. Ranar bakwai an yanka rago, an raba goro, liman ya raɗa suna, maroƙa sun faɗa wa duniya. Amma hukuma ba ta ji ba sai an rubuta. Takardar haihuwa ita ce yaro zai nema ran jarrabawa, ran neman katin ɗan ƙasa, ran tafiya. In an kai maganar cikin wa'adi, wurin likita ko ma'aikatar magajin gari, abu ne mai sauƙi. In an bari wa'adi ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali da shaidu da kai da kawowa. Cikin masu zuwa cin tuwon suna, a sami ɗaya da aikinsa shi ne ya tambayi uban jariri: an rubuta shi? Kuma in an karɓo takardar, a duba ko sunan da aka raɗa shi ne aka rubuta.

Masu cewa a'a

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan raina hujjarsu ba.

Na farko su ce: rubutu tsakanin ƴan'uwa rashin yarda ne. In na ranta wa ƙanena kuɗi na ce ya sa hannu, ai na ce masa ɓarawo. Wannan magana tana da nauyi, domin kunya da kara su ne adonmu. Amma ku tambayi malamanku: ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan me ta sauka? A kan rubuta bashi da kafa shaidu. Ba don ana zargin kowa ba, sai don ɗan Adam mai mantuwa ne, kuma mai mutuwa ne. In ɗayanku ya rasu, magada ba su san abin da ke cikin kanku ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rubutu yaɓe ne da ake yi wa bangon zumunci tun bai tsage ba.

Na biyu su ce: mun tsufa, ƙwaƙwalwa ta bushe. Baba, kai da ka riƙe iyakar gonakin gari duka a kanka, ka san jikokin kowa da kakannin kowa, baƙaƙen da ba su kai arba'in ba ne za su gagare ka? Inna, ke da kike lissafin ribar ƙuli-ƙuli da mai ba ki taɓa faɗuwa ba, lambobi goma ne za su kayar da ke? Gemu ba ya hana ilimi.

Na uku su ce: mu mun yi allo, mun iya ajami. Alhamdu lillahi. Wanda ya iya ajami ba jahili ba ne, kuma in littafin unguwarku da ajami kuka ga ya fi muku, ku rubuta da shi. Kakanninmu da shi suka yi wasiƙu da waƙoƙi tun kafin zuwan Nasara. Sai dai ku ƙara da boko, domin takardar likita da ta hukuma da saƙon waya da shi suke zuwa. Mai hannu biyu ya fi mai ɗaya.

Na huɗu su ce: Hausa ai ba harshen takarda ba ce, in ba Faransanci ba aikin banza ne. Wannan tsohon zance ne. Tun 1966 masana suka zauna a Bamako suka daidaita baƙaƙen rubuta harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasarmu ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, harshe ba ya zama na takarda don an faɗa a Yamai kawai. Yana zama ne ranar da matan asusu a Dogarawa suka buɗe littafinsu suka karanta da shi.

Aikin wannan mako

Ga aikin da na ba ku. Kowace ƙungiya, ko ta mata ce, ko fada, ko kwamitin famfo, ta sayi littafi ɗaya irin na ƴan makaranta da biro ɗaya. A bangon littafin ku rubuta sunan ƙungiya da sunan unguwa. Ku buɗe shafi, ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, ya ba ku gida huɗu. Gida na fari: rana. Na biyu: suna. Na uku: abin da ya shigo. Na huɗu: abin da ya fita. Kada a kankare komai. In an yi kuskure, a ja masa layi ɗaya yadda za a iya ganinsa, a rubuta daidai a gefe. Kada a yage shafi. Ƙarshen kowane zama a haɗa jimla, a ƙirga kuɗin da ke hannu gaban kowa, a ga ko sun yi daidai da abin da ke rubuce.

Wanda bai iya komai ba tukuna, aikinsa na wannan mako ɗaya ne: ya koyi gane sunansa. A rubuta masa shi a ƴar takarda ya sa aljihu, ya riƙa dubawa. Ranar zama ya nemo shi da kansa cikin littafi, ya ɗora yatsa a kai, ya bi layin har ya ga lambar da ke gabansa. Daga nan karatu ke farawa.

Ku ɗaliban da suka yi nisa, ku kula da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ku rubuta waɗannan jimloli biyu a allo: kuɗin ya ba ta, kuɗin ya ɓata. Ku karanta su da ƙarfi. Ta fari tana cewa an miƙa wa mai shi kuɗinta. Ta biyu tana cewa kuɗi sun salwanta. Ƴar ƙugiya ɗaya da ɗan fili ɗaya ne tsakaninsu, amma a littafin asusu sun isa su kai mutum gaban sarki. Ku nemo wasu kalmomi biyar irin waɗannan, kamar baki da baƙi, kara da ƙara, ku kawo wa malaminku.

Ga kuma lissafi. Samari goma sha biyu a fada, kowa na ba da dala ashirin ta shayi da sukari. Nawa suka tara da dala? Yaya za a rubuta shi da tamma? Ku yi shi tare, kada wanda ya sani ya riga faɗa.

Ku malaman azuzuwa, ina roƙonku ku bar allo rana ɗaya cikin mako, ku je inda jama'a ke zama. Ku zauna a asusu, ku zauna a fada, ku taya su ja layin farko, sa'an nan ku miƙa musu biro. Ku masu unguwanni da limamai, kalma ɗaya daga bakinku ta fi jawabina goma. Ku kuma magidanta, ku bar matanku su je aji. Abin da suka koyo cikin gidanku zai zauna.

Zumunta a ƙafa take, haka muka gada, kuma ba za mu daina zuwa ƙofar juna ba. Abin da muke nema shi ne in mun zauna mun tashi, abin da muka ƙulla ya tsaya yadda muka ƙulla shi, yaro da babba, mace da namiji, kowa ya iya dubawa da idonsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ba da amsar lissafin shayi, sa'an nan mu koyi yadda ake rubuta takardar bashi da ta jinginar gona. Kafin nan, ku gaida mutanen gida. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya bar mu tare. Wassalamu alaikum.